Wannan Ba Ta Zamewa

Madarumfa, ranar Litinin.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka da mutanen gidansa gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Innarku tana gaishe ka. Allah Ya tsare ka a zaune, Ya tsare ka a tafe, Ya hore maka ƙarfen da za ka riƙe.

Ba zan cika ka da labarin gari ba, tabki yana nan inda ka bar shi. Kawunka ya aiko cewa ran Asabar za ka wuce Yamai da sabon maigidanka, kuma ran Juma'a za ka kawo shi ya ga garkarsa, wato lambunsa, a nan bakin tabki kafin ku tafi. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ga ni ina fafewa, don ba ni da wata ranar. Yau kwana ashirin da barinka gidan nan ba mu yi sallama ba. Baki ne ya ɓata, bari hannu ya gwada gyarawa. Rubutuna ka san shi, na yaƙi da jahilci ne, kamar inda kaji suka yi tono. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ka tuna ranar. Muna zaune gindin bishiyar bedi bayan la'asar, ka zo ka durƙusa, ka fito da permi, takardar izinin tuƙi, daga aljihu, wanda ban san lokacin da ka yi shi ba. Ka ce wani Alhaji ya ɗauke ka tuƙi. Na ce wace irin mota? Sai na ga fuskarka ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Ka ce motar alfarma ce ta Jamus, baƙa, doguwa, mai ƙarfin tsiya, kuma ƙafafunta huɗu duk suna ja. Ka ce, "Baba, ba irin taku ta da ba ce mai ja da baya. Wannan ba ta zamewa." Ni kuwa na zabura kamar kunama ta harbe ni, na ce maka a gaban mutane ko jaki ba ka isa ka kora ba, balle mota. Ka sunkuyar da kai ka ce, "To, Baba." Da safe aka ce ka tafi Maradi.

Abin da ba ka sani ba, Haruna, maganar nan da ka yi tawa ce. Ni na fara faɗinta, shekara bakwai da suka wuce, harafi da harafi, kuma ita ta ba ni wannan sandar da nake dogarawa. Da na ji ta fito daga bakinka, ba fushi ne ya kama ni ba, tsoro ne. Ni kuma ka san halina, tsorona da tsawa yake fita. Amma bari in faro maka daga tushe.

Wanda ya koya mini tuƙi wani dattijo ne da ake kira Ɗan Tani, Allah Ya jiƙansa. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin rankwashi. A zamaninmu duk manyan motocin shiga da baya suke ja. Inji yana gaba, amma ƙarfinsa yana bin wata sandar ƙarfe ta ƙarƙashin ciki ya je ga ƙafafun baya. Su ke turawa, na gaba aikinsu zaɓen hanya kawai. Irin wannan mota in ka ba ta wuta fiye da yadda ƙasa za ta ɗauka, sai ta fara kaɗa gindi. Ɗan Tani yakan kai ni fadama bayan an yi ruwa, ya ce in taka. In ta fara murguɗawa sai ya ce, "Ka ji ta? Magana take yi maka. Direba da ƙugunsa yake ji, ba da ido ba. In ta yi magana, ka ɗaga ƙafa, ka bi ta da bolan, wato sitiyari, a hankali, za ta dawo." In na makara wajen ɗaga ƙafa, rankwashi. Har yau in hadari ya haɗu sai in ji tsakiyar kaina tana tuna shi.

Shekara ashirin na yi ina tuƙa irin waɗannan, goma sha biyu daga ciki a gidan marigayi Alhajin da ka sani. Wallahi na ƙware da su har ina jin numfashinsu. Amma kada ka ɗauka ban sha kunya ba. Wata rana, ina sabon zuwa gidan, na ɗauki Alhaji za mu gaisuwar mutuwa a garin Sarkin Yamma. Rani ne, gulbi ya bushe, sai rairayi. Muna tsakiya mota ta ɗan yi nauyi. Maimakon in lallaɓa ta, sai na tuna Alhaji yana baya yana kallona, na danna mata wuta. Ƙafafun baya suka yi ta juyawa suna watsa rairayi, kafin ka ce kwabo sun haƙa wa kansu kabari. Na ƙara wuta, ta ƙara nutsewa. Alhaji ya fito da babbar riga ya tsaya a rana yana kallona, kallon da ya fi zagi ciwo.

Wani tsohon manomi ne ya zo ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Ɗan nan, ni ban san mota ba, amma na san jaki. In ya kafe, bulala ba ta fid da shi." Shi ya sa muka tone gaban tayoyin, muka shimfiɗa kara, na rage musu iska, ƙarti uku suka zauna kan akwatin baya don ƙafafun da ke ja su sami nauyi. Na sa bitesi, wato giya, na biyu, na taɓa totur kamar mai taɓa gyambo, sai ga ta ta fita sumul. Muka isa an watse. Saboda haka, ɗana, duk ranar da mota ta kafe maka, ko da ƙafa nawa take ja, abu na farko ka cire ƙafarka. Kuma kada idon wanda ke kujerar baya ya tuƙa maka mota. Kunyar minti goma ta fi ta wuni guda sauƙi.

To, ana nan, sai Alhaji ya sayo sabuwa, aka hawo da ita daga Kwatano. Kai, Haruna! Ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce ban so ta ba. Kujerun fata masu ƙamshi, sanyi kamar cikin randa, in ka rufe ƙofa duniya ta yi tsit. Ran da na fara gwada ta a kan tsakuwa, na taka ta da gangan yadda na san tsohuwar za ta yi ta ƙara tana watsa duwatsu. Wannan ko tari ba ta yi ba. Tsalle kawai ta yi, bayana ya manne da kujera. Makanikin Alhaji ya ce mini ai ƙarfin injin raba shi aka yi huɗu, kowace ƙafa da rabonta, shi ya sa ba wadda ke juyawa a banza. Ranar ban ci abincin rana ba don murna.

Da yamma na kai ta tasha don abokai su gani. Aka kewaye ta, ana shafawa, ana leƙe. Ni kuma na jingina da ita ina kaɗa makulli, na ce, "Ku duba da kyau. Wannan ba ta zamewa." Ɗan Tani yana zaune kan benci, lokacin ya tsufa, ido ɗaya ya tafi. Ya kira ni.

Ya ce, "Idi, da ƙafa nawa take ja?"

Na ce, "Huɗu, maigida."

"Madalla. Da ƙafa nawa take tsayawa?"

Na ce, "Huɗu mana."

"Tsohuwar fa, da nawa take tsayawa?"

Na ce, "Ita ma huɗu."

Ya ce, "To me ya ƙaru?"

Na yi dariya, 'yan tasha suka taya ni. A raina na ce tsoho ya ga abin da ya fi zamaninsa, hassada ce. Ya kalle ni da idonsa ɗaya ya kau da kai. Da ma ya yi mini rankwashi a ranar, a gaban kowa, da na gode masa yau.

Motar nan ta ba ni darasi biyu ƙanana kafin babban, ban ɗauka ba. Na farko, da na ji ƙafa huɗu sai na ɗauka kat-kat ce, irin doguwar motar nan ta shiga daji. Na shiga da ita rairayin gulbin nan dai da ya taɓa kunyata ni, ina cewa yau zan rama. Ta ja, ta ja, har tsakiya, sai cikinta ya zauna daram a kan rairayi, ƙafafu huɗu suna lilo. Ashe ja daban, tsawon ƙafa daban. Motar alfarma gajera ce, don kwalta aka yi ta, ko da ƙafa goma take ja. Ka duba tsayin cikinta daga ƙasa da tafin hannunka tun ranar farko, ka riƙe wannan awo a kanka. In maigidanka ya ce ku yanke ta daji, ka gaya masa gaskiya da ladabi.

Na biyu, taya. Ka san al'adarmu, in ɗaya ta mutu sai a sayo ɗaya, ko wace iri ce in dai ta shiga. Haka muke yi wa tsofaffin, ba su taɓa cewa uffan ba. Ƙusa ta yaga mini ta baya, na samo wata ta hannu daga Jibiya, ta ɗan fi sauran girma da kaɗan, abin da ido ma ba ya gani sosai. Bayan sati biyu na fara jin gurnani a ƙarƙashin ciki. Makaniki ya duba ya kama kai. Ya ce irin wannan mota ƙafafunta a ɗaure suke da juna ta ciki, in ɗaya ta fi sauran tsawon taki, sai su yi ta jayayya har ƙarfen da ke raba musu ƙarfi ya cinye kansa. Allah Ya sa an gano da wuri. Don haka tayoyinka huɗu su zama iri ɗaya, girma ɗaya, cinyewa ɗaya. Kuma in ta lalace a hanya, kada ka yarda a ɗaga gabanta a ja ta da ƙafa biyu a ƙasa kamar yadda ake yi wa sauran. A ɗora ta bisa babbar mota, ko ka kwana gadinta.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har innarku. Ku duka kun san cewa taya ce ta fashe mini a kwanar tsamiya kusa da Safo. Haka aka faɗa a gari, haka na bari aka yi ta faɗa. Ba haka ba ne.

Farkon damina ne, an yi ruwan shuka da asuba. Na kai baƙon Alhaji gida, ina komawa Maradi ni kaɗai da hantsi. Ba wanda ya aike ni da sauri, ba mara lafiya, ba komai. Wannan shi ya fi ci mini rai. Daɗi kawai nake ji. Ka san jar hanyar nan da gargada, wadda tsohuwar mota in ta hau sai haƙoranka su yi ta kaɗawa, dole ka rage. Wannan haɗiye gargadar take kamar ba ta. Ban sani ba, ashe motar da ta haɗiye gargada ta haɗiye gargaɗi. Jar ƙasa ta jiƙe ta yi santsi kamar sabulu, amma ni a ciki ban ji komai ba. Allurar gudu tana gabana, ban dube ta ba, don shekara ashirin ban saba duba ta ba. Ƙuguna nake saurare. Ina jira ta kaɗa gindi in ɗaga ƙafa, kamar yadda aka koya mini. Ba ta kaɗa ba.

Ina shiga kwanar sai ga amalanken jaki a gabana, wani bawan Allah Malam Ilu ya ɗauko iri za shi gona. Na taka birki. Haruna, ƙafafun nan huɗu da nake taƙama da su, a tare suka saki. Na murza bolan, ta ƙi ji, ta miƙe da hancinta kamar an harba kibiya. Na ga idon jakin. Daga nan sai ƙara, sai tsamiya.

Jakin nan take ya mutu. Malam Ilu ya faɗa cikin kunyar gona, hannunsa ya karye. Ni kuma ƙafata ta dama ta tafi yadda ka gan ta. Tayar gaba ta fashe, amma a jikin tsamiya ta fashe. Da jandarma suka zo suka gan ta, suka tambaye ni ko ita ce, na ce ita ce. Alhaji ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Kowa ya yi ta yi mini jaje, ni kuma ina karɓa.

Ina kwance a likita, rana ta tara, sai ga Malam Ilu da hannu a ɗaure, ya kawo mini ƙwai a ƙwarya. Ya zauna bakin gado, muka gaisa. Da zai tashi sai ya matso ya rage murya ya ce, "Direba, ni dai na ji ƙarar tayar nan bayan jakina ya faɗi, ba kafin ba. Amma ba zan faɗa wa kowa ba. Kana da iyali. Na yafe maka, sai ka nemi ta Allah." Ya tafi. Na juya fuska ga bango na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Mutumin nan har ya koma ga Allah bara bai buɗe baki ba. Shi ya sa ka ga na matsa sai an kai ni jana'izarsa a amalanke, kuna ta mamaki.

To ka ji. Ba motar ce ta yi laifi ba, ni ne. Ta yi abin da aka ƙera ta ta yi. In ka tambaye ni wacce ta fi, mai ja da baya ko mai ja da huɗu, zan ce maka kowacce da halinta. Mai ja da baya ta fi sauƙin kai, ta fi daɗin juyawa a hannun wanda ya san ta, kowane makaniki na gindin bishiya ya san cikinta, kuma ba ta ɓoye maka komai. Amma in ƙarfinta ya yi yawa, ga ruwa a ƙasa, tana iya juya ka ka fuskanci inda ka fito. Mai ja da huɗu ta fi ta tashi, ta fi ta riƙe hanya a ruwa da tsakuwa, wannan gaskiya ne, ba ka yi ƙarya ba. Sai dai duk wannan a wajen tafiya ne. A wajen tsayawa ba ta fi ta da komai ba, ga ta ma da ƙarin nauyi. Tambayar Ɗan Tani ke nan, wadda na biya ƙafa guda kafin in gane ta.

Saboda haka ka duba allura, kada ka yarda da jikinka. Cikin irin motar nan, gudun da zai kashe mutum ji yake kamar zaman zaure. Ka gama birkinka kafin kwana, ba a cikinta ba. Ka ji tsoron ruwan farko fiye da na tsakiyar damina, ko a kwalta, don shi ke taso da maiƙon da rani ya tara. Hanyar Yamai doguwa ce, miƙaƙƙiya, tana sa mutum ya manta kansa, ga shanu, ga raƙuma, ga amalanke da ba ya da fitila ba ya da oda. Duk inda ka hango gari, ka ɗauka akwai wani Malam Ilu a bayan kwana. In maigida ya ce, "Direba, taka mana, mun makara," ka ce, "Ranka ya daɗe, sannu ba ta hana zuwa." In ya kore ka saboda wannan, ka dawo gida, tuwo bai ƙare ba.

Na so in tsaya a nan, in sa hannu in rufe. Jiya na ninke takardar ma. Sai innarku ta shigo da wata tsohuwar jaka ta ajiye a gabana. Na buɗe, sai ga littattafanka na kwaleji, an lulluɓe kowanne da takardar siminti, ko kunne ɗaya bai lanƙwashe ba. Ta ce a ƙasan akwatinka ta same su. Ta ce, "Malam, shekara bakwai yana shanya su duk bayan damina don kada gara ta ci. Kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidan nan."

Na zauna da jakar nan a cinya har aka kira azahar. Da na dawo daga likita ba ƙafa ba aiki, ku biyu na kira, kai da yayanka, na ce sai ɗaya ya riƙe garka da gona. Yayanka ya yi tsalle ya dire, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa da guga a hannu ba, ya yi kwana uku ba ya cin tuwon gidan. Sai na ɗaga masa ƙafa, na bar shi ya tafi kasuwancinsa. Kai kuwa, da kake na ɗaya na biyu a ajinku, ka ce, "To, Baba." Na cire ka daga lakwal, karatu ya tsaya. Ka yi ban ruwa, ka yi noma, ka ja komar kamun kifi a tabki da sanyin safiya har hannuwanka suka tsage. Na ƙara maka gonar Safo, ka ce to. Na hana ka zuwa Maradi koyon gyaran rediyo, ka ce to. Ina zaune gindin bedi ina yi wa abokai taƙama, ina cewa, "Haruna ai ba ya gajiya, ba ya ƙorafi." Ka ji muryar? Ita ce dai ta mutumin da ya jingina da mota a tasha yana kaɗa makulli.

Innarku ta sha gaya mini, "Malam, ka dubi yaron nan, shiru ba yarda ba ce." Nakan ce in da abin da ke damunsa ai da ya faɗa. Ina jira ka yi tsawa irin ta yayanka kafin in sassauta, don ita kaɗai na iya ji. Kai kuma ba haka aka halicce ka ba. Ka riƙe, ka riƙe, ka riƙe, ni ina ta ƙara wuta, har ranar da ka zo mini da abu ɗaya tak da ka nema wa kanka, na taka shi a gaban mutane. Kuskure ɗaya na yi sau biyu, ɗana. Na farko ya ci mini ƙafa. Na biyun nake tsoron ya ci mini kai, kuma wannan ba ni da sandar da zan dogara a madadinsa.

A garin nan an ce uba ba ya roƙon ɗa gafara. To su riƙe al'adarsu, ni na roƙa. Ka yafe mini maganar jaki, ƙarya ce, na ga yadda kake juya amalanke cikin lungun garka ba ka taɓa karya ko reshen tumatir ba, hannunka ya fi nawa sanyi. Ka yafe mini littattafan nan. Ƙaryar taya ita ta cire ka daga aji, don da na faɗi gaskiya tun farko, da na san ni ne mai laifi, da ban ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha biyar kayan da ni na jawo ba ina yi masa gadara. Ina son ka, Haruna. Ban taɓa faɗa ba, don mu ba a koya mana faɗa ba, amma ga shi na rubuta, ba ya gogewa.

Sai kuma roƙo ɗaya, kuma shi ne nasihar da ta fi duk na mota. Haƙurinka ado ne, amma kada ka zama wa mutane irin motar nan. In ka gaji, ka ce ka gaji. In barci ya kama ka a hanya, ka faɗa wa maigida, ka tsaya ka wanke ido, ba abin kunya ba ne. In an ɓata maka, ka yi magana tun abin yana ƙarami, da ladabi amma a ji. Wata rana za ka yi iyali, kada ka bar su suna tsammanin lafiya alhali kana gab da saki. Mutane da yawa irina ne, kunnenmu mai nauyi ne, sai an kaɗa mana muke ji. Ka taimake mu.

Ran Juma'a dole ku bi ta ƙofar gida, ba wata hanyar zuwa garka. Ba na cewa ka tsaya. Direba ba ya tsayawa don kansa da maigida a baya, ni na fi kowa sani. Amma ka tuna lokacin da nake aiki, in zan wuce da Alhaji ba halin tsayawa, nakan danna odar mota, biyu gajeru da ɗaya doguwa, don innarku ta san ina raye. Kana ƙarami kai ne kake fara ganewa, ka fito da gudu ba wando kana ihu, "Baba ne! Baba ne!" alhali ƙura kawai ta rage. Zan sa a fitar mini da tabarma gindin bedi tun hantsi. Idona ya fara rauni, baƙar mota duk baƙar mota ce a wurina, amma kunnena na oda lafiya lau yake. In ka yafe, biyu gajeru da ɗaya doguwa sun ishe ni.

In kuma zuciyarka ba ta kai nan ba tukuna, ka wuce shiru, ba zan riƙe ka da komai ba, na san shirun nan ni na koya maka shi. Albarkata tana tare da kai ko ka yi ko ba ka yi ba.

Allah Ya kai ka Yamai lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka biyu. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin gaggawa, da haƙƙin bayin Allah da ke bakin hanya. Allah Ya haɗa ka da maigida mai jin magana, Ya ba ka ɗa mai haƙurinka, Ya ba shi uban da ya fi naka kunne. Amin summa amin.

Ko da oda ko babu, Haruna, don girman Allah ka rage gudu a kwanar tsamiya.

Ni ne mahaifinka,
Idi Direba.